Spiti ko Nubra: wane kwari baƙo zai nufa a hamadar sanyi ta Indiya?

Mutanenmu da yawa suna zuwa Indiya yanzu, wasu karatu, wasu saro kaya, wasu jinya. Galibi a Delhi ko Mumbai ko Bangalore ake ƙarewa, a sha zafi da cunkoso, a dawo gida ana cewa an ga Indiya. Alhali akwai wata Indiyar can arewa, bayan duwatsun Himalaya, inda damina ba ta kaiwa. Hadarin da ke tasowa daga teku yana juye ruwansa a kudancin duwatsun, kafin ya haura ya riga ya tsane. Abin da ke bayan duwatsun ƙasa ce fayau, ba itace sai inda aka janyo ruwa, rana mai ƙuna da tsakar yini, sanyi mai ratsa ƙashi da dare. Hamada ce ta gaske, sai dai tana zaune sama da mita 3,000 daga bakin teku, kuma ruwan da ake noma da shi narkakkiyar ƙanƙara ce.

Kwari biyu ne suka fi suna a wannan yanki. Akwai Spiti a jihar Himachal Pradesh, akwai Nubra a Ladakh. A hoto ba ka raba su: tsaunuka masu launin ƙasa, kogi yana ratsa tsakuwa, farin gidan ibadar mabiya Buddha a maƙale a gefen dutse, tutocin addu'a masu launi biyar suna kaɗawa. Kamfanonin yawon buɗe ido ma da kalmomi iri ɗaya suke tallata su. Amma wanda ya zaɓi ɗaya yana zaton ɗayan ne zai sha mamaki, domin yadda ake shiga kowanne, da abin da yake yi wa jiki, da abin da za a tarar a cikinsa, duk sun sha bamban.

Yadda ake hawa, shi ne rabin maganar

Kano tana kan tsayin da bai kai mita 500 ba. Jos da muke kuka da sanyinta wajen mita 1,200 ce. Ƙololuwar da ta fi ko'ina tsayi a Nijeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ce, ta Nijar kuwa a duwatsun Bagzan ta ɗan haura 2,000 kaɗan. Garin Leh, ƙofar shiga Nubra, yana kan mita 3,500. Kaza, babban garin Spiti, ya haura 3,600. Wato ko a kasuwa kake tsaye a waɗannan garuruwa, ka fi duk wani wanda ke cikin Nijeriya bisa da fiye da kilomita ɗaya. A wannan tsayin, kowane numfashi yana kawo maka kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na iskar oksijin da ka saba samu. Jiki yana iya sabawa, amma yana bukatar kwanaki, kuma ƙarfi ko ƙuruciya ba sa hana ciwon tsauni kama mutum.

Nubra ta jirgi ake fara ta. Daga Delhi zuwa Leh tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi ce, da sassafe jiragen suke tashi. Daɗinta ke nan, kuma tarkonta ke nan. Ka yi sallar asuba a Delhi, kafin hantsi kana mita 3,500. Sa'o'in farko ba ka jin komai, har ka fara ganin an zuzuta maganar. Zuwa la'asar kai ya fara sarawa, abinci ya fita a rai, da dare barci ya ƙi zuwa, kana farkawa kana haki. Saboda haka ne hukumar Leh ta ce duk wanda ya sauka ya huta sa'a 48 kafin ya nufi wurare masu bisa. Masu gaggawa suna karya wannan doka, kuma su ne ake gani a asibiti an ɗaura musu bututun iska.

Bayan hutun sai a hau mota a nufi Khardung La, mashigar da ke tsakanin Leh da Nubra, wajen kilomita 40 daga gari. An daɗe ana kafa allo a wurin ana cewa mita 5,602 ce, amma awon zamani ya nuna 5,359. Ko wanne ka ɗauka, wuri ne da iskar ta ragu zuwa wajen rabi. Direbobi ba sa son a wuce minti goma sha biyar ko ashirin a can. A sha shayi, a ɗauki hoto, a gangara. Kuma gangarawar ita ce falalar Nubra da ba a cika faɗa ba: Diskit da Hunder, inda ake kwana, suna wajen mita 3,100, Turtuk ma ya fi su ƙasa. Duk sun fi Leh ƙasa. Mutumin da ya kwana biyu yana fama da ciwon kai a Leh yakan yi barcinsa na farko mai daɗi ne a Nubra. Tsayin mai tsanani na ɗan lokaci ne, ka taɓa shi ka sauka.

Spiti akasin haka take. Babu filin jirgi a cikinta, sai mota, kuma hanya biyu ce. Ta farko daga Shimla, ta bi kogin Sutlej ta ratsa Kinnaur, tafiyar sama da kilomita 400 wadda mai hankali yake raba ta kwana uku. Shimla tana wajen mita 2,200, Kalpa kusan 3,000, Nako sama da 3,600, Tabo 3,280, sannan Kaza. Hanyar da kanta take yi maka aikin sabawa, mataki mataki, ba sai ka zauna a ɗaki kana ƙirga sa'o'i ba. Likitocin tsauni suna cewa da zarar an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da fiye da mita 500, kuma wannan hanya ta fi kowace kusa da wannan ƙa'ida. Inda take ɗan saɓa mata shi ne Nako, don haka wanda ya ji kansa ya yi nauyi a can gara ya zarce ya kwana Tabo.

Ta biyu daga Manali ce, kuma ita ce ke yaudarar mutane a taswira, don ba ta kai kilomita 200 sosai ba. Tun da aka buɗe ramin Atal a 2020, wanda aka haƙa kilomita 9 a ƙarƙashin dutsen Rohtang, farkon tafiyar ya yi sauƙi. Amma daga Gramphu zuwa Batal sunan hanya kawai gare ta: duwatsu ne da rafuffukan da ke tsallaka titi. Direbobi tun duhun asuba suke tashi, domin da rana ta ɗaga ƙanƙara ta fara narkewa, rafin da aka taka da safe ruwansa a idon sawu, bayan azahar yana iya tsayar da mota. Daga nan a haura Kunzum La, sama da mita 4,500, a kwana Kaza. Ka tashi daga Manali a mita 2,000, ka kwana a sama da 3,600 a rana guda. Wannan bai fi saukar jirgi a Leh sauƙi ba, ga jijjigar hanya a kai. Shawarata a nan ba ta da kwana: a shiga ta Shimla, a fita ta Manali.

Sai dai ko ta ina ka shiga, Spiti ba ta sauke ka. Abubuwan da ake zuwa gani daga Kaza sama suke: Key mita 4,166, Kibber wajen 4,270, Langza da Hikkim wajen 4,400, Komic sama da 4,500. Kwanaki za ka yi kana yawo a tsayin da a Nubra wucewa kawai ake yi. Idan kuma jiki ya rikice, babban asibiti yana nesa ta kowace fuska, saɓanin Leh mai babban asibitin gwamnati da ya saba da irin wannan ciwo, da jirgin da zai mayar da kai Delhi washegari.

Akwai wata magana da ta shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta littattafan jagorar tafiya, wato sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. A gida mai AS ba ya jin komai, wani ma sai wajen gwajin aure yake sani. Amma ƙarancin oksijin a kan tsauni yana iya sa jininsa ya toshe hanyoyin saifa, abin da ke zuwa da ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu. Ba kowa yake samu ba, amma sananne ne a likitance. Mai SS bai kamata ya je ko ɗaya daga cikin biyun ba. Mai AS ya ga likita tukuna, ya yawaita shan ruwa, ya guji wahalar da jiki a kwanakin farko. Haka wanda ya zo Indiya jinyar zuciya ko huhu ko ƙoda, ko aka yi masa aiki, kada ya ce bari ya ɗan sha iska a tsauni kafin ya koma gida sai likitansa ya yarda. Maganin Diamox da ake sha don rage ciwon tsauni shi ma da izinin likita ake shan sa. Wanda kuwa ya fara tari da haki ko yana zaune, ko tafiyarsa ta koma tangaɗi, maganinsa ɗaya ne: a gangara da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Gidajen ibada: inda Spiti ta yi zarra

Idan don tarihin addinin Buddha da zanensa da gine-ginensa za ka, to ba a haɗa su. Abin da Spiti ke da shi a Tabo babu irinsa a Nubra.

An kafa gidan ibadar Tabo a shekarar 996, zamanin sarki Yeshe-O na daular Guge da ke yammacin Tibet, ana kuma danganta aikin ga malamin fassara Rinchen Zangpo, wanda ya yi karatu a Kashmir. Sama da shekara dubu ke nan ana ibada a wurin. Daga waje ba abin da zai burge ka. Ba a kan dutse yake ba, a fili yake tsakiyar ƙauye, katanga ce ta jar ƙasa da ɗakuna masu soro, wanda ya taso a cikin birnin Kano ko Zinder zai ɗauka tsohon gidan wani attajiri ne da aka yi wa yaɓe bara. Rashin ruwan sama ne ya bar wannan ƙasa a tsaye.

Sai ka tuɓe takalmi ka shiga babban ɗakin. Da farko duhu ne kawai da sanyin ƙasa a tafin ƙafa da warin man shanun da ake kunna fitilu da shi. Haske ɗan kaɗan ne ke saukowa ta wata kafa a rufi. Idan ido ya saba, sai ka ga ashe ba kai kaɗai ba ne: siffofi 32 na yumɓu, kowanne girman mutum, suna zaune a jikin bango a kewaye da kai, sama da kanka kaɗan, an kafe su da itace kamar suna shawagi. Wannan ja, wancan shuɗi, wani fari, kowanne da yadda ya riƙe yatsunsa. A can ƙurya akwai siffar wani Buddha da suke kira Vairocana, mai jiki huɗu yana duban kusurwa huɗu. Ɗakin gaba ɗaya taswirar ibada ce irin wadda suke kira mandala, wadda a wasu wurare a kan ƙyalle ake zana ta, a nan kuwa an gina ta ne mutum ya shiga ciki ya tsaya. Ƙasa da siffofin, zane ne a jere yana ba da labarin rayuwar Buddha da tafiyar wani matashi mai neman ilimi, Sudhana, daga malami zuwa malami. Akwai rubutu a bango da ke nuna an sabunta ginin a 1042, kuma yawancin abin da ido ke gani daga wannan lokacin yake. Hannun masu zanen Kashmir a bayyane yake a idanuwa da tufafi. Ba a yarda da ɗaukar hoto a ciki ba, kuma daidai ne. Ka tafi da ƙaramar tocila, ka nemi izinin lama, wato malamin addininsu, mai riƙe da mabuɗi kafin ka haska. Dalai Lama ya gudanar da babban taron Kalachakra a nan a 1983, ya sake yi a 1996 lokacin cikar wurin shekara dubu.

Yawancin motocin 'yan yawon buɗe ido sa'a ɗaya suke ba Tabo su wuce. Asara ce. Wuri ne na kwana, a shiga da safe kafin hayaniya, a hau kogunan da ke jikin dutsen da ke kallon ƙauyen da yamma.

Gaba kaɗan akwai Dhankar, tsohuwar fadar sarakunan Spiti, a mita 3,894, an ɗora ta a kan wasu tsinin ƙasa da ruwa da iska suka zaizaye, tana leƙen mahaɗar kogin Spiti da na Pin. Kallo ɗaya za ka yi mata ka san tana cikin haɗari, kuma a 2006 wata ƙungiyar duniya mai kula da kayan tarihi ta sa ta cikin wurare ɗari da aka fi jin tsoron rushewarsu. Matakalanta ƙanana ne, ƙofofin sai an sunkuya. Sai Key, gidan ibada mafi girma a kwarin, wanda hotonsa ne ake sawa a kowace talla: ɗakuna farare a cunkushe kan wani tudu, wani kan wani. Wannan cunkoso ba ado ba ne. An sha kai wa wurin hari, daga Mongol a ƙarni na 17 zuwa sojojin Dogra na masarautar Jammu a 1841, ga gobara, ga girgizar ƙasar 1975, kowane lokaci sai a sake gini a kan abin da ya rage. Key makaranta ce mai rai, cike da yara masu jajayen riguna, saboda al'adar Spiti ta daɗe a kan babban ɗa ya gaji gona, ƙanensa ya tafi gidan ibada. Sukan kira baƙo tsohon madafinsu mai baƙin hayaƙi su ba shi shayi. A ƙauyen Gue kuma, kusa da iyakar Tibet, akwai gawar wani lama da ake kira Sangha Tenzin, a zaune, ta bushe ba ta ruɓe ba, an kiyasta ta kai shekara 500.

Me Nubra za ta ajiye a gaban wannan? Diskit, wanda aka kafa a ƙarni na 14, yana kan dutse sama da gari, kuma hawansa da kallon kwarin daga rufinsa sun cancanci wahalar. A ɗakin masu tsaron addini akwai wata siffa mai ban tsoro riƙe da busasshen kai da hannu, waɗanda mutanen wurin ke cewa na wani mayaƙin Mongol ne. Ƙasa da gidan ibadar ga mutum-mutumin Maitreya, Buddhan da suke jira nan gaba, mita 32, yana fuskantar kogin Shyok ta wajen Pakistan. Dalai Lama ne ya buɗe shi a 2010. Yana da kyau a hoto, amma sabon abu ne, minti ashirin sun ishe shi. Samstanling a Sumur na ƙarni na 19 ne, tsaf-tsaf cikin itatuwa. Ensa yana can a keɓe a hayin kogi daura da Panamik mai maɓuɓɓugar ruwan zafi. Shi ke nan.

Sai dai a yi wa Nubra adalci: ba wanda ke zuwanta ba tare da ya bi ta Leh ba, kuma kwarin Indus da Leh ke ciki yana da Thiksey da Hemis a kusa, yana kuma da Alchi, wajen kilomita 65 yamma da gari. Alchi ɗan'uwan Tabo ne, shi ma a fili yake, shi ma zanensa na salon Kashmir ne, kuma ya fi Leh ƙasa, don haka ya dace da rana ta biyu ko ta uku ta sabawa da tsayi. Wanda ya haɗa Nubra da Alchi ya rage tazarar sosai. Wanda ya tsallake Alchi don ya yi sauri zuwa tafkin Pangong ya ɗauki hoto, shi ne ya yi wa kansa.

A duka wuraren ladabin iri ɗaya ne. A tuɓe takalmi, a rufe jiki, kada a taɓa zane, kada a miƙe ƙafa ana nuna siffa ko malami. Idan ka tarar da farin ginin da suke kira chorten ko doguwar katangar duwatsu masu rubutu a hanya, ana bi ne a bar su ta hannun dama. Ba wanda zai ce ka rusuna ko ka kunna fitila. Baƙo ne kai, ka zo kallo, mutanen Ladakh kuma sun saba da Musulmi tun ƙarnoni.

Abinci, salla, da mutanen da za ka tarar

A nan ma'aunin ya juya. Spiti kusan gaba ɗaya mabiya Buddha ne, kuma Musulmi zai yi kwanaki bai ji kiran salla ba. Naman da aka yanka yadda muke so ba abin dogaro ba ne, don haka mutum ya shirya zama da shinkafa da miyar wake irin ta Indiya, da ƙwai, da dankali, da taliya mai romo da suke kira thukpa, da momo na ganye, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa ganye a turara. Ba wahala ba ce, Indiya ƙasa ce da cin ganye ba baƙon abu ba ne, kana cewa ba ka cin nama an gane. Shayinsu na man shanu da gishiri ne, wanda ya sa rai da zaƙi zai yamutsa fuska a kurɓar farko. Ka ɗauke shi a matsayin romo, sai ya shiga. Ana zuba garin sha'ir soyayye a ciki a dama, shi ne tsampa, abincin da ya riƙe mutanen wurin tun kafin a kawo koren waken da yanzu suke nomawa don kasuwa. Alwala da ruwan Spiti da asuba jarrabawa ce. Ka roƙi masu gida ruwan ɗumi tun dare a cikin fulas.

Ladakh kuwa rabinta ƙasar Musulmi ce. A tsakiyar kasuwar Leh akwai masallacin Juma'a da aka fara kafawa wajen 1666, zamanin sarki Deldan Namgyal, bayan yarjejeniya da sarkin Mughal Aurangzeb. Akwai mahauta Musulmi, akwai gidajen abincin Kashmir. Leh tsohon zangon fatake ne: ayari yana tasowa daga Yarkand a Turkistan ta gabas, ya haura mashigar Karakoram, ya gangaro ta Nubra, ya sauke kaya a Leh. Maniyyata daga can ma ta nan wasunsu suke bi su gangara Kashmir su nemi jirgin ruwa zuwa Makka. Fataken da suka zauna suka auri matan gari, zuriyarsu ce ake kira Argon har yau.

Raƙuman Hunder ragowar wannan fatauci ne. Da aka rufe iyaka wajen 1950, aka bar su a kwarin. Masu tozo biyu ne, gajeru, masu kauri, gashi ya lulluɓe wuya da gwiwa, a farkon bazara kuma yana zubewa faci-faci har ka ɗauka ciwo ne. Suna yawo a kan tudun farin yashi, bayansu tsauni mai ƙanƙara. Gaskiya hawan nasu na minti goma sha biyar a layi, ana ta ihu ana ɗaukar hoto, ba zai burge wanda ya san Agadas ba. Ka je da sassafe ka gan su suna kiwo cikin ƙaya, ya fi.

Abin da ya fi tsaya wa Bahaushe a rai a Nubra, a ganina, Turtuk ne. Ƙauyen ƙabilar Balti ne, Musulmi, wajen kilomita 90 daga Diskit idan aka bi Shyok. Yana hannun Pakistan har zuwa yaƙin 1971, lokacin da sojojin Indiya suka karɓe shi, aka wayi gari iyalai sun rabu, wani yana nan ɗan'uwansa yana hayin iyaka. Sai a 2010 aka buɗe shi ga baƙi. Lunguna ne na dutse, ruwa yana gudu a ƙananan magudanai ta ƙofar kowane gida, gonakin sha'ir, da itatuwan afirkot da ake shanya 'ya'yansu a kan rufi a ƙarshen bazara. Suna da wasu ƙananan ɗakunan dutse da iska mai sanyi ke fitowa ta ƙarƙashinsu, a nan suke ajiye man shanu da nama. Ka yi sallama a amsa maka, ka bi jam'i a masallacin katako. Sai dai a kula da kyamara, matan garin sun gaji da masu ɗaukar su hoto ba izini.

Lokaci, takardu, aljihu

Nubra tana karɓar baƙi daga Mayu zuwa Satumba. Sojoji suna ƙoƙarin barin Khardung La a buɗe kusan duk shekara saboda ita ce hanyar kai kaya sansanoninsu na Siachen da ke bakin iyaka, amma da sanyi yawancin masaukai a rufe suke. A Spiti, hanyar Manali daga wajen Yuni zuwa Oktoba kawai take aiki. Ta Shimla ba ta cika rufewa ba, amma a Yuli da Agusta damina tana dukan Kinnaur, ƙasa tana zaftarewa, ana iya kwana a hanya ana jiran katafila. Yuni da Satumba sun fi. Masu zuwa a Fabrairu da Maris don ganin damisar ƙanƙara a wajen Kibber wasu irin mutane ne daban, masu jure sanyin da ke kai digiri 20 ƙasa da sifiri da bututun ruwa a daskare.

Duka biyun suna bakin iyaka, don haka ɗan ƙasar waje sai da takardar izini ta musamman ban da biza. Ta Nubra a Leh ake yin ta ta hannun kamfanin tafiye-tafiye mai rajista, kuma a ƙa'ida mutum biyu zuwa sama ake ba, kamfanonin sukan haɗa mai tafiya shi kaɗai da wasu. Ta Spiti ana samun ta a Shimla ko Rekong Peo ko Kaza, don sashen da ya bi kusa da Tibet. Ka yi kwafi da yawa na fasfo da biza da takardar, kowane shingen bincike zai karɓi ɗaya. Kada a ɗauki hoton gada ko sansanin soja, kada kuma a shigo da wayar tauraron ɗan'adam, haramun ce a Indiya. Layin waya na kati da aka saya a Delhi ba ya aiki a Ladakh sai na biyan wata, amma yana aiki a Himachal inda akwai sabis. A riƙe tsabar kuɗi, na'urar cirar kuɗi a Kaza da Diskit ba abin jingina ba ce.

Wajen kuɗi, Spiti ta fi sauƙi ga mai haƙuri. Motocin gwamnatin Himachal suna zuwa har Kaza, kuma kwana a gidajen mutanen ƙauye da abinci a ciki ba shi da tsada. Ladakh tikitin jirgi yana tashi a bazara, motocin haya kuma na ƙungiya ne mai tsayayyen farashi, ba a yarda motar haya ta waje ta yi yawo da baƙi ba; mafita ita ce a haɗu mutum huɗu ko biyar a raba. Amma Spiti tana cin kwanaki. Daga Delhi a dawo Delhi, ƙasa da kwana tara ko goma gudu ne kawai a mota. Leh da Nubra kwana shida ko bakwai sun isa, har da hutun farko.

To wanne? Ɗalibin da ke da dogon hutu, lafiyayye, wanda ba ya tsoron hanya mai rami a gefe kuma abin da ya kai shi shi ne ya ga tsohon abu, ya tafi Spiti ta Shimla, ya ba Tabo kwana biyu. Ba zai yi da-na-sani ba, kuma ni a wajena ita ce tafiyar da ta fi nauyi. Amma ɗan kasuwa mai mako ɗaya, ko mai tafiya da iyali, ko dattijo, ko wanda zama ba masallaci ba nama zai dame shi, ko wanda bai taɓa hawa sama da Jos ba kuma yana son asibiti a kusa, Nubra ce tasa, da sharaɗin ya cika sa'a 48 ɗinsa a Leh, ya je Alchi, ya kuma kwana Turtuk maimakon ya leƙa ya juyo. Yara ƙanana da ba za su iya faɗin inda ke musu ciwo ba, da mace mai ciki, gara a bar su a Shimla ko Manali.

Masu son haɗa biyun a tafiya ɗaya, ana yi: a shiga Spiti ta Shimla, a fita ta Kunzum La zuwa Lahaul, a kama hanyar Manali zuwa Leh ta Keylong da Sarchu, sannan Nubra. Jiki ya riga ya saba kafin a kai manyan mashigai, kuma a ƙarshe jirgi ne zai dawo da kai Delhi daga Leh. Yana bukatar kamar mako uku, kuma tsakanin ƙarshen Yuni da Satumba ne kawai duka hanyoyin suke buɗe a lokaci guda.